Masinja da Ƙwallon Safa

Bargo ɗaya. Kofin roba. Silifas. Littafin addu'a na yaren Fante wanda bangonsa ya fita. Katin asibiti. Ƙullin garin rogo da ba a kwance ba. Sai Papa Atta kansa, kwance a tsakiyar amalanken, bai ƙara wa jakin wani nauyi ba.

Muniru na tafe a gefe, riƙe da lema yana tare masa rana. Watan nan babu fetur a Tamale, kowa da ƙafarsa ko jakinsa.

"Ticha," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Masinja ya ci?"

"Kai ne ba ka ci ba, Papa."

"Ni kare na tambaya."

"In aka ajiye aka ba da baya, sai a tarar da kwanon wayam. Amma kwana huɗu ko jelarsa ban gani ba. Yana ƙarƙashin mota."

"To. Shi ya sa na ce su sallame ni."

Ba shi ya sa ba. Likita ne ya kira Muniru gefe ya ce abin da ya rage ba aikin asibiti ba ne. Muniru bai gyara wa tsohon zance ba.

Papa Atta mutumin bakin teku ne. Aikin gidan waya ya kawo shi Arewa shekara talatin da suka wuce, ya yi ritaya, bai koma ba. Yana haya a ɗakin baya na gidan Asmawu a Sakasaka, ɗakin da ke kallon gawar motar marigayi mijinta. Muniru kuwa ƙanen Asmawu ne. Ya bar garin yana ɗan shekara goma sha biyu, ya yi makaranta a Kumasi, ya koyar a Legas, sannan a farkon shekarar nan ta tamanin da uku aka koro baƙi irinsa daga can, ya dawo da akwati ɗaya. Aiki babu. Abin da yake da shi taga ce, kuma tagar na kallon gawar motar nan.

Ta nan ya fara ganin abin. Bayan gobarar daji, tsohon ya shigo da wani kare cikin buhu, ya ce a kwalbati ya tsince shi ta wajen Jisonayili. Waya a wuya, haƙarƙari a ƙone, kunne ɗaya jifa ya tsaga shi. Ana kwance buhun ya shige ƙarƙashin motar.

Kullum bayan la'asar Papa Atta ya fito ya zauna a ƙasa, ba kan kujera ba, ya ba motar gefe. A hannunsa tsohuwar safar aiki ce da ya cusa wa tsumma ya ɗaure bakinta. Ya gangara ta a ƙasa zuwa bakin motar. Shiru. Ya ja gindi ya ɗauko, ya dawo, ya sake. Muniru ya ƙirga sau arba'in ranar farko. Mutumin da bai ƙoshi ba, me ya kai shi wannan wahala? Sati na uku hanci ya leƙo. Wata na biyu ƙafa ta fito ta taɓa safar ta koma. Zuwa wata na huɗu karen na ɗaukar ta a baki, ya tako rabin hanya, ya sake ta, ya ruga.

"Me ya sa Masinja?" Muniru ya taɓa tambaya ta taga.

"Saboda wata rana zai kawo saƙo har hannu."

Yanzu da suka iso gida, tsohon ba ya iya zaman ƙasa. Suka jawo gadonsa bakin ƙofa. Da la'asar ya zaro safar daga ƙarƙashin matashi ya miƙa wa Muniru.

Safar ta yi baƙi, ta ƙandare da yawun kare. Muniru ya dube ta. Yana da alwala, yana so ta kai shi magariba. Ya ce a ajiye a ƙasa, ya ɗauko sandar da ake tokare igiyar shanya, ya tura safar da ita.

Ƙara suka ji, kamar an buga gwangwani. Karen ya yi karo da ƙarfen motar wajen gudu, ya yi wani kuka siriri.

"Ei! Ticha!" Tsohon ya yunƙura, tari ya mayar da shi. "Wata huɗu na yi! Ka zo da sanda!"

"Ban taɓa shi ba."

"Shi ya san ba ka taɓa ba? Kai ka yi makaranta Kumasi, shi makarantar dutse da sanda ya yi. Zauna. Ƙasa, ƙasa. Hannu kar ya wuce gwiwa. Kar ka jefa, wanda ya ɗaga hannu duk ɗaya ne wurinsa. Kar ka kalle shi. Ka kalli katanga kamar kana jiran mota."

"Yawun kare, Papa. Sai na wanke."

"Wanke mana. Ruwa bai ƙare duniya ba."

"A gidan nan ya kusa," in ji Asmawu daga madafi. Famfo ya ƙafe tun kafin azumi. Ita ke ɗebowa daga nesa, kuma ta raba: kowa moɗa uku a yini, da sha da alwala. "In za ka yi wasa da najasa, Muniru, daga moɗarka za ka wanke. Kar ka taɓa mini randa."

Ya zauna a ƙasa. Ya ɗauki safar da hannu.

Kwana uku ba abin da ya fito. Muniru na gangarawa, yana jan gindi ya ɗauko, wandonsa ya yi jan ƙasa. Yara maƙwabta ba sa shigowa bayan gidan, to ba mai yi masa dariya sai yayarsa. A rana ta huɗu ya lura in ya gangara a hankali babu motsi, in kuma safar ta ci karo da tsakuwa ta yi tsalle, sai ya ji numfashi ya sauya a ƙarƙashin motar. Ya fara neman tsakuwa da gangan.

"Ka gano," in ji tsohon. "Abin da ke gudu daga wurinsa yake so. Duk abin da ya taɓa zuwa wurinsa ciwo ya kawo."

"In ya fito gaba ɗaya fa? Sai me?"

"Sai ya fito."

Muniru ya ja gindi ya ɗauko safar.

Ranar Laraba wani mutum ya wuce ta layin da keke, da keji na waya ɗaure a baya, yana busa ƙaho. Kowa ya san sana'arsa. Yana ba da mudun masara biyu kan kare ɗaya, ya kai wa masu cin naman. Asmawu ta tsaya a ƙofar gida ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

"Mudu biyu," ta ce da Muniru, murya ƙasa. "Tuwon kwana shida ne. Ba yanzu nake cewa ba. Amma tsohon nan ba zai kai sabon wata ba, kai ma ka sani."

"Na sani, Yaya."

"To."

Tsohon ya daina cin tuwo, sai koko cokali biyu. Rabonsa yana cewa a kai bakin mota. Asmawu tana kaiwa, tana mita, amma tana kaiwa. Ita ce kuma ke juya shi a gado, tana ce masa, "Papa, yau ka fi jiya," shi kuma ya ce, "Hajiya, ƙarya ba ta kyau a bakinki."

Ranar Asabar da la'asar Muniru ya gangara safar, ta bugi tsakuwa, ta yi gefe. Karen ya fito gaba ɗaya. Muniru bai taɓa ganinsa kusa haka ba: ja ne, dogo, tabon ƙunar ya yi fari. Ya cafke safar, ya girgiza ta sau biyu. Ya tako rabin hanya, inda ya saba saki. Ya tsaya. Muniru ya kafe ido kan katanga har idon ya yi ruwa. Sai ya ji ɗumin numfashi a bayan hannunsa, da wani abu mai danshi da aka ɗora masa kan yatsu.

Bai motsa ba sai da ƙafafun suka koma.

"Papa, ka gani?"

Fuskar tsohon na kallon waje, idonsa a buɗe, bakinsa ɗan buɗe. Muniru ya tashi ya je ya taɓa wuyansa. Da sauran ɗumi. Ya tsaya yana auna inda idon ya dosa, ko wurin da ya zauna ne, ko saman motar. Bai iya tantancewa ba. Ya shafa idon ya rufe, da hannun da bai taɓa safar ba, sannan ya kira yayarsa.

Mutanen cocinsu suka zo, da waƙa da kujeru. Aka binne shi ranar Litinin, ba a jira dangi ba, don ba inda za a ajiye gawa. 'Yarsa Efua ta iso ranar Alhamis a bayan motar gishiri, ƙafafunta a kumbure. Ta je kabari, ta dawo, ta ɗaure bargon da littafin da kofin. Ta ga safar a ƙasa ta ture da ƙafa.

"Karen fa?" in ji Muniru.

"Ticha, ni kaina da ƙyar na samu wurin tsayawa a mota. Ku yi yadda kuka ga dama."

Tun ranar waƙar nan karen bai sake leƙowa ba.

Washegari da hantsi mai keken ya shigo. Asmawu ce ta aika masa. Ya ajiye ƙullin masarar a bakin madafi, ya kwance sanda mai zarge a baki, ya durƙusa ya zura ƙarƙashin motar. Ya zagaya ya zura ta ɗaya gefen. Karen ya shige wani lungu bayan taya inda sandar ba ta kaiwa. Ko kuka bai yi ba.

Mutumin ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Hajiya ta ce kai yana zuwa wurinka. Kira mini shi. In ya fito, ka bar mini sauran."

Muniru ya dubi masarar. Fara ce, ta gida, ba rawayar nan ta agaji da ake rabawa ba. Ya dubi yayarsa. Wuyanta ya rame, zaninta ya zagaye ta kusan sau biyu. Ba ta kalle shi ba.

"Ja da baya," ya ce da mutumin. "Har bakin zaure. Ka kwantar da sandar."

Ya ɗauki safar, ya zauna a ƙasa, ya ba motar gefe. Ya gangara. Shiru. Ya ja gindi ya ɗauko. Sau goma sha ɗaya. Mai keken ya yi tsaki, Asmawu ta ce masa ya yi haƙuri. A na sha biyu hanci ya leƙo. A na sha biyar karen ya fito, jela a matse, ya ɗauka ya kawo har kan yatsu.

Mai keken ya fara sunkuyawa wajen sandarsa.

Muniru ya juya hannu, bai wuce gwiwa ba, ya gangara safar ta ɗaya ɓangaren. Ta bugi dokin ƙofar Papa Atta, ta yi tsalle, ta faɗa cikin ɗakin da babu kowa. Karen ya bi ta.

Ya miƙe a hankali, ya jawo ƙofar, ya sa sakata. Daga ciki ana jin safar na bugun katako, ana jin farce a kan siminti.

"Muniru," in ji Asmawu.

"Ɗauki masararka, Malam," ya ce. Sannan ya juyo wurin yayarsa. "Nan zai zauna, Yaya. Daga tuwona zai ci, daga moɗata zai sha."