Kwaɓin da Bishop Ya Hana

…na ƙarshe a jere, kusa da na gidan mai rini. Ba sai an gaya mini ba. Naki ne, Mustila 'yata. Shaidar yatsa uku a tsakiya, na ukun a karkace — ni na koya miki, tun kina 'yar mitsitsiya kin kasa daidaita shi. Kwaɓin gida goma sha ɗaya aka kawo mini in gasa da safen nan, na juya in ƙara itacen zaitun a tanderu, na waiwayo, sun zama sha biyu. Kin shigo kenan? Kin tsaya nan inda nake tsaye? Ko gaisuwa babu… Shekara uku rabona da muryarki!

Ba ki ji abin da bishop ɗinmu ya faɗa ran Lahadi ba? Ina za ki ji, kina can cocin mijinki. Ya ce daga yau kada tanderun waninmu ya ƙara gasa wa 'yan wancan cocin gurasa. Duk wanda ya gasa, a bakin ƙofar coci zai riƙa tsayawa, shi da jibin Ubangiji har abada. Muka ce amin, muryata ta fi ta kowa. To, me? Da gaskiyarsa. Ba su ne jikokin waɗanda suka miƙa wa sojojin Sarkin Rum Littattafai Masu Tsarki aka ƙone a kasuwa ba? Kakana Barik ƙin miƙawa ya yi. Da ƙugiyar ƙarfe suka tsattsage masa haƙarƙari, bai faɗi inda ya ɓoye su ba. Ke da bakinki kike rera sunansa cikin shahidai, a kan kabarinsa, kina satar ɓauren da aka kai don baƙi…

Ga Sanaye can, matar dikon mai taimaka wa bishop, ta baje a kan dakalina kamar ubanta ne ya gina shi. Wai gurasarta take jira. Ƙarya take, ido ta kawo. "'Yar'uwa Gudden, wancan na ƙarshen na wane gida ne? Ban gane alamar ba." Kin gane sarai, munafuka, ke kika riƙe wa Mustila riga ran baftisma. Na ce, "Ji da naki, ya yi ruwa kamar kunu." Ta yi dariya, amma ko motsi ba ta yi ba.

Na manna na farko a jikin tanderu. Na biyu. Zafi ya lashi hannuna… Ran Ista ce, kin fito daga ruwan baftisma kina karkarwa, aka ba ki madara da zuma, kika shanye kika ce a ƙara. Har bishop na lokacin sai da ya ɓoye fuska. Ana nan, sai ga Rogatu mai man zaitun, ɗan wancan cocin, mai kunne kamar na jaki, ya zo sayen gurasa ya tafi mini da 'ya. Na ce in kika taka cocinsu kada ki sake taka ƙofata. Ni na faɗa. Ni. Na ɗauka za ki sha kukanki ki dawo kafin magariba. Taurin kan nan, daga wa kika kwaso shi? Ai na sani.

Ina kewarki, 'yar nan. Ga shi na faɗa. Ran kasuwa in na hango bayanki wajen masu tukwane, sai in sunkuya wai ina gyara takalmi. An ce kin haihu. Mace, aka ce. Da wa take kama? Ubangiji Yesu, da ka ciyar da mutum dubu biyar a jeji, ka tambayi kowa cocinsa? Tir, Gudden, kame bakinki… Amma ka tambaya?

In na gasa — bakin ƙofa, cikin rana, ina jin waƙa ta bayan bango, da tsufana. In na mutu kuma ba za a kwantar da ni kusa da kakana ba, inda ubanki yake jirana. In ban gasa ba — ki zo ki ɗauki kwaɓinki ɗanye, ya yi tsami, ki juya. Kuma ba za ki sake kawowa ba. Na san ki.

Sha ɗaya sun fito. Wuta tana kwanciya. Naki ya kumbura har yana leƙowa ta bakin akushi. Sanaye ta naɗe tata gurasar amma ta ƙi tafiya, tana gutsira tana ci, idonta a kan hannuna.

Me ma ya kawo ki nan, sai ka ce babu wani…

Tsaya. Surukarki tana da tanderu a tsakar gida. Ga hayaƙinsa can yana tashi ta saman rufinku, yanzu haka.

Ba inda za ki gasa kika rasa ba. Kin ji abin da ya ce. Kin ji, shi ya sa… Tambayata kike yi, Mustila, ko har yanzu ni uwarki ce.

Wayyo ni. Kwaɓin yana tafin hannuna, ban san sanda na ɗauka ba. Sanaye ta daina tauna. Hannuna ya yi nauyi, 'yar nan… na gaji…