Saniyar Ajilari

Kaltumi ta tsoma hannu cikin buhun ta ɗebo ƙwayoyin, ta tsaya tana juya su a tafinta. Ƙanana ne dunƙulallu, ko idon nan na waken kirki ba su da shi.

"Wai daga wannan ne madara za ta fito?"

Saude mai hatsi, Bakanuwar da ta shekara ashirin a Kasuwar Litinin amma Kanurinta bai wuce gaisuwa ba, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce lallai Kaltumi ba ta jin rediyo. Bara waccan waken soya ko kaji sai an lallashe su, amma a bana, 1991, matan manyan ma'aikata da malaman jami'a su ke layi a kansa. Wannan ta ce na hawan jini ne, waccan ta ce na ciwon sukari, wata kuma don yaro ya yi ƙwari. Waɗanda da can ba sa cin komai sai an buɗe gwangwani, yanzu su ne masu cigiyar zogale da acca da alkamar da ba a surfa ba.

"Mutanen birni sun koma shan magani a kwano, 'yar'uwa. Nawa zan auna miki?"

Kaltumi ta ce mudu ɗaya. Ba don yayi ta zo ba, mahaifinta ne ya daina cin abinci.

Malam Harun Balaraben Shuwa ne, a bayan shanu aka haife shi, a bayansu ya yi furfura. Annobar shanu ta 1983 ta ci rabin garkensa, farin da ya biyo baya ya ƙarasa sauran. Ya dawo birni, unguwar Bolori, ya zama dillali a kasuwar shanu, yana shafa gadon bayan dabbobin wasu yana faɗin shekarunsu. Wannan ma ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne takardar da aka ba shi a asibiti wata biyu da suka wuce: hawan jini, sukari, kitse a jini. Ba man shanu, ba madara mai maiƙo, ba shayi mai zaƙi. Mutumin da tun da ya yi wayo bai san karin kumallo ba sai ƙwaryar madara mai ɗumin hantsa, aka ce ya koma faten alkama. Ya karɓi hukuncin bai yi gardama ba. Cokali biyu yake yi, ya ce alhamdu lillahi, ya juya fuska bango.

Kaltumi ta bar ɗakin mijinta a Wulari ta dawo jinya. Babu abin da ba ta gwada ba. Madarar gari marar maiƙo ya shinshina ya ce alli ne. Nonon kasuwa da aka cire wa mai aka tsinka da ruwa, ya ce a mayar wa mai rijiyar kayanta. Shekaranjiya da aka ɗora shi a sikeli, Sista Pindar, ma'aikaciyar jinyar da ke duba masu sukari, ta ja Kaltumi gefe ta gaya mata gaskiya. Idan ran Laraba aka auna shi bai tsaya da ramewa ba, gado za a ba shi a saka masa ruwa. Shi kuwa Malam Harun ya riga ya rantse cewa a irin wannan gadon ƙarfe matarsa ta cika, ba zai hau shi da ransa ba. Sistar ce ta rubuta mata yadda ake madarar waken soya, ta ce tana gina jiki kuma ba ta da irin kitsen da ake gudu.

Tana isa gida ta jiƙa waken a ruwan zafi. Bayan azahar ta murje ɓawon, ta kai inji aka markaɗa, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗora a wuta. Abin ya tafaso fari fat, har da kumfa, kai ka rantse daga hantsa ya fito. Da ta ɗanɗana sai gafin wake ya tsaya mata a maƙogwaro. Ta ƙara masa wuta, ta jefa citta, gafin ya ragu amma bai tafi ba.

A nan ne shawara ta zo mata, kuma ba shawarar kirki ba ce. In ta ce masa wake ne, ko kallon kwanon ba zai yi ba. Ta ɗauko ƙwarya ta juye a ciki, ta rufe da faifai yadda ake kai wa maigida madarar safe a ruga. Ita da ta bar daji tana 'yar shekara goma sha biyu, ta girma a kan shayi da burodi, ta ɗauka farin abu a ƙwarya ya isa ya ruɗi makiyayi. Allah sarki, tsoro ne ya sa ta.

Ta same shi kwance a tabarma a inuwar dalbejiya, ya yi sallar la'asar a zaune. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar.

"Abba, madara ce. Sista ta ce irin wannan ba laifi."

Ya daɗe yana kallon faifan kafin ya yunƙura ya zauna. Ya buɗe, ya karkata ƙwaryar ya ga yadda abin ke bin gefenta, ya kai hanci. Sannan ya kurɓa, bai haɗiye ba. Ya riƙe a baki, ido a lumshe, yadda ta sha gani yana yi tana ƙarama, lokacin da kurɓi ɗaya ya ishe shi ya faɗi fadamar da shanu suka yini da rijiyar da suka sha. Sai a lokacin ta tuna da wannan.

Ya haɗiye. Ya ce, "Ta saniyar wa ce?"

"Wani mutum ne a unguwar Ajilari." Ta laluba ta kamo suna. "Dzarma."

"A ɗaure take."

"E, a ɗaure take."

Ya sake kurɓa, ya girgiza kai cikin takaici. Ya ce wannan baiwar Allah ba ta taɓa taka ɗanyar ciyawa ba. Harawar wake kawai ake tura mata safe da yamma, ga shi nan ya fito a nononta ƙiri-ƙiri. Ba ta lasar kanwa, ba ta tafiya, kuma in ba a yi wasa ba maraƙinta ya mutu, don madarar uwar da ke jin kukan ɗanta ba ta yin salam haka. Yana faɗa yana kurɓa, yana kurɓa yana yi wa Dzarma faɗa, mutumin da bai san shi ba, wanda ma babu shi a duniya. Kaltumi ta sunkuyar da kai tana kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka. Daɗi da kunya suka haɗu suka cika mata ciki.

Da ƙwaryar ta yi rabi bakinsa ya buɗe. Ya shiga ba ta labarin wata jar saniyarsa mai karyayyen ƙaho, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata magana a kunne. Ya faɗi yadda suke gangarawa bakin Tafkin Chadi da rani, shanu su shiga ruwa har wuya, sauro ya hana kowa sakat, amma madara ta yi kaurin da cokali zai tsaya. Ya lissafa mashaya ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na Larabcin Shuwa, wasu ta sani, wasu tuni sun zama gonaki. Bai yi kuka ba. Kewa ce kawai a muryarsa, irin ta mutumin da ya san ko an mayar da shi can ba zai tarar da kowa ba. Rabon da ta ji ya haɗa zance mai tsawon haka tun kafin asibiti.

Ya kafa kai ya shanye, ya share gemu. Sannan ya ce ta miƙo masa sandarsa da babbar riga.

"Ina za ka, Abba?"

"Ajilari. Zan ga saniyar nan. Ko awa ɗaya ce ya riƙa sakinta tana zagayawa, kuma akwai yadda ake haɗa harawa da dusa da 'ya'yan gawo. Wataƙila ba mugunta ba ce, rashin sani ne."

Ta ce rana ta yi sanyi, a bari sai gobe. Ya ce dabba ba ta san gobe ba. Ta ce mutumin ba lallai yana gida ba. Ya ce ba wurin mutumin za shi ba. Kafin ta samo wata hujjar ya dafa bango ya miƙe da kansa, ya zura takalmansa na zuwa kasuwa da suka yi sati uku a bakin ƙofa ba mai taɓa su.

Haka suka fito, ita da mayafi a karkace, shi a gaba yana dogara sanda. Masu facin taya na bakin lungu suka bar aikinsu suna yi masa barka da fitowa, ya ɗaga musu hannu kamar wanda ke da uzuri a gabansa. Kafaɗunsa sun miƙe. Har wani sauri-sauri yake yi, irin na mai tsoron kada duhu ya riga shi isa garke.

Kowane taku nauyi yake ƙara mata. Ta hango titi da motocin haya suna wucewa. In suka shiga mota, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa a Ajilari? Ta ga tsohon nan tsaye a unguwar mutane yana tambayar saniyar da ba a haifa ba, yara suna kallonsa. Gara ya ji daga bakinta, ko da ƙwaryar yau ce ta farko kuma ta ƙarshe. Ta sha gabansa.

"Abba, tsaya. Akwai abin da zan gaya maka game da madarar nan."

Bai tsaya ba, ya dai rage tafiya. Bai kuma dube ta ba.

"Kaltumi, shekara hamsin ina tatsa." Ya numfasa, ya gyara riƙon sandarsa. "Gobe ma ki dafa, zan sha. Amma rabona da in saka takalmi don wata saniya shekara bakwai ke nan. Ki bari mu kai bakin titi tukuna, sai ki faɗa mini."

Ta koma gefensa ta kama gwiwar hannunsa. Tsakaninsu da titin bai fi taku arba'in ba, suka yi shi a hankali.