Abin Da Ya Dawo Cikin Leda

Sana'armu ba ta da wani sirri. Jirgin masu yawon buɗe ido ya taso daga Luksor ya iso nan Isna, dole ya tsaya ya bi layi a ƙofar madatsa kafin a buɗe masa ya haura kudu. Mu kuma sai mu zagaye shi da kwale-kwale, mu ɗaura igiya a gefensa, mu dunƙule jallabiya ko mayafi a leda, mu cilla can benen ƙarshe inda suke kwance suna shan rana. In abu ya yi wa mutum, ya sa kuɗi a ledar ya jefo. In bai yi masa ba, ya jefo kayan. Abu biyu ne kawai ke saukowa daga jirgi, ko kuɗinka ko kayanka. Tun gashina yana baƙi nake wannan jifa, ban taɓa ganin na uku ba.

Sunana Abdel-Sabur, amma tun da aka haifi 'yata kowa Abu Rabab yake ce min. Mai tuƙa ni Morkos ne, maƙwabcina, tsoho mai kunne ɗaya da baki goma. Shi yana zuwa coci, ni ina zuwa masallaci, a kan ruwa kuwa duk zagi ɗaya muke sha daga ma'aikatan jirgi.

Rabab ita kaɗai Allah ya bar mana. Da wannan kafaɗar tawa ta yi karatun harhaɗa magunguna a Alkahira, a can kuma ta haɗu da Dakta Hazim. Mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da komai ba. Lokacin neman aure danginsa suka tambayi sana'ata, ƙanwar matata ta yi caraf ta ce, "Yana sayar da tufafi a Isna." Ai ba ƙarya ta yi ba. Su suka gina min shago a cikin kansu, da madubi da fanka, ni kuma babu wanda ya sake tambayata. Na je biki cikin kwat, na zauna kamar an dasa ni, washegari na hau jirgin ƙasa na dawo. Daga nan aiki ya kai su Dubai, a can aka haifi Siraj. Ya yi rarrafe a waya, ya yi haƙori a waya, ya fara tafiya a waya. Ni da matata Fatahiyya mu haɗa kai a kan ɗan gilashin nan muna ta "a'a, a'a, ga Kaka!", shi kuma yana ƙoƙarin cinye wayar. Ban san nauyinsa a hannu ba. Wannan abu yana cina, ba na ɓoyewa.

Ranar wata Juma'a Rabab ta kira. Sun zo hutu, surukanta sun kama ɗakuna a ɗaya daga cikin manyan jiragen nan, za su ga gidajen bautar Fir'aunoni da kaburburan sarakuna tun daga Luksor har Aswan, daga can su tashi. Farin jirgin nan ne da muke kira Amarya, wanda ba ya sauke fasinja a garinmu, wucewa kawai yake yi.

Fatahiyya ta fizge wayar. "To ku sauka mana! Ko shayi ku sha. Na yanka agwagwa, na yi miyar lalo."

"Mama, ba a sauka a nan. An tsara komai." Sannan ta ce a ba ni wayar. "Baba, ranar Talata za mu wuce ta wajenku. Kafaɗarka ma ai tana damunka. Ka huta ranar, kada ka wahalar da kanka ka fito."

Na ce to. Me zan ce? Na haifi yarinyar nan, na san abin da ke ƙarƙashin maganarta. Raina ya ɓaci, na fita na zauna a bakin gonar rake har zafin ya ɗan sauka. Mutanen nan za su sauka ƙarƙashin ƙasa su gaida sarakunan da suka mutu tun kafin Annabi Musa, su ɗauki hoto da su, amma kakan yaron da ke numfashi a bakin kogi, shi a bar shi ya huta.

Da na koma gida na tarar Fatahiyya ta fito da keken ɗinki. Ta yanko farin yadi mai laushi, ba irin wanda muke cilla wa baƙi ba, ta auna da tafin hannu tana kallon hoton yaron, ta yi masa 'yar jallabiya, ta zagaye wuyan da shuɗin zare. Da safiyar Talata ta ninke ta, ta sa a leda, ta ɗora min a cinya.

Na ce, "Umm Rabab, kin ji abin da ta ce."

"Na ji. Ni ba ta ce min kada in yi ɗinki ba."

"In na cilla, me kike so ya sauko? In ta jefo rigar, ta ƙi mu a gaban jama'a. In ta jefo kuɗi, ta mai da ubanta ɗan talla. Wanne zan kawo miki?"

Ta ɗaga kai ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Kai dai ka duba min shi da kyau. Ka dubo kunnuwansa, a waya ba na gani sosai."

Morkos yana jirana a bakin ruwa yana tsotsar rake. Da ya ga na sa jallabiyar Juma'a, na naɗa sabon rawani, sai ya kwashe da dariya.

"Iko sai Allah! Abu Rabab, aure za ka ƙara? Wace Bajamushiya ce ta yi wannan rashin sa'a?"

"Tuƙa, tsohon banza."

"Ni ne tsoho? Kai da jiya ka cilla mayafi ya faɗa a bene na biyu, a kan mai wanke tukwane?"

Na gaya masa abin da ake ciki. Dariyar ta ɗauke. Ya jefar da raken, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama filafili. Ya tuƙa mu har muka fita tsakiyar kogi.

Bayan azahar Amarya ta bayyana, fara fat, tagoginta suna walƙiya. Ta rage gudu ta shiga layi. Kwale-kwale suka yi mata caa, kowa yana ihu da turancinsa na kasuwa, ledoji suna tashi sama kamar tantabaru. Morkos ya kutsa, ya sha zagi ya rama, ya samo mana wuri daidai ƙarƙashin benen shan iska, ya ɗaura igiya. Na ɗaga kai. Jajayen fuskoki, manyan huluna, wata tsohuwa tana gwada mayafi tana juyi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, rana tana dukan idona, wuyana ya ƙage. Na fara cewa a raina ta shige ɗaki da shi ta ja labule, kuma wallahi da na fi son haka a kan wasu abubuwan.

Sai ga wani ɗan kai ya leƙo ta tsakanin ƙarafan shinge, ƙasa-ƙasa, gashi a murɗe, hannu riƙe da kofi. Yana kallon ledojin da ke tashi yana ƙyalƙyala dariya. Kunnuwan nan a buɗe suke kamar hannun tulu, nawa ne sak, irin waɗanda aka yi ta tsokanata da su tun ina yaro.

"Morkos! Morkos, ga shi can!"

"Kai, wannan ko a kasuwa aka tsince shi gidanka za a kawo shi. Allah sarki yaro, bai yi dace ba."

A bayan yaron wata dattijuwa ce tsaye da baƙin tabarau, Madam Nazik, uwar Hazim. A gefenta Rabab. Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi haske. Ta leƙo ƙasa tana murmushi irin na kowa, har idonta ya sauka a kaina. Murmushin ya tsaya cak. Ta kama ƙarfen da hannu biyu.

Ban kira sunanta ba. Na rantse ban kira ba, ko da yake yana nan a bakina. Na ɗauki ledar Fatahiyya, na miƙe tsaye, na yi bismillah. Kafaɗar ta yi ƙara, zafi ya ratsa ni har haƙori, amma ledar ta tashi, ta haye shingen, ta faɗi daidai ƙafar yaron. Ko ina saurayi ban yi jifa mai kyan wannan ba.

Madam Nazik ce ta ɗauka. Ta warware, ta ɗaga rigar, ta juya ta, ta murza yadin da yatsa. Sau ɗaya ta taɓa ganina, cikin kwat, ƙarƙashin fitilun biki, ina za ta gane ni?

Ta leƙo ta ce, "Ya Haj, nawa? Kuma kada ka yi min kuɗin Turawa, ni 'yar ƙasa ce."

Na ce, "Ba ta sayarwa ba ce, Madam. Ta yaron ce."

"Ka ji su! Haka suke cewa, kyauta ce, in ka riƙe kuma su bi ka har Aswan." Ta dunƙule rigar ta tura a leda, ta ɗaga hannu za ta jefo.

Na buɗe hannuwana. Jikina ne ya yi da kansa, ya saba. Na tsaya ina jiran ɗinkin matata ya faɗo min.

Rabab ta riƙe wuyan hannun surukarta. Ban ji abin da ta ce ba. Ta karɓi ledar, ta sunkuci yaron, suka ɓace daga bakin shingen.

Can gaba ƙofar madatsa ta fara buɗewa. Wani ma'aikacin jirgi ya leƙo ta taga yana daka mana tsawa mu kwance igiya. Sauran kwale-kwalen suka fara janyewa.

Morkos ya ce masa, "Yanzu, ɗana, yanzu. Ƙullin ne ya cije."

"Ka kwance ko in yanke!"

"Yanke mana, igiyar ubanka ce? Tsoho yana fama da ƙulli kana yi masa ihu, haka aka koya maka a gida?"

Injin ya ƙara ƙarfi, ruwa ya fara tafasa a gefenmu, kwale-kwalen yana bugun jikin jirgi. Ni dai kaina yana sama. Na san abin da ta tafi yi, jakarta ta tafi ɗaukowa. Za ta sa kuɗi masu yawa, don ta huce, don in huce. Na fara tunanin yadda zan zubar da su a kogi kafin in isa gida, da abin da zan ce wa Fatahiyya.

Sai ga su sun dawo. Ta ɗaga shi sama, ta zaunar da shi a kan ƙarfen tana rungume da cikinsa. Yana sanye da farar jallabiya mai shuɗin wuya. Hannun rigar ya ɗan yi masa tsawo, ya rufe yatsunsa. Ta kama hannun nan tana kaɗa min shi, ta sa baki a kunnensa tana nuna ni da yatsa, hawaye yana bin fuskarta, ba ta ko share ba. Madam Nazik ta cire tabarau, ta dubi Rabab, ta dubi yaron, ta leƙo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Jirgin ya yi ƙaho. Ma'aikacin ya fito da wuƙa da gaske, Morkos ya saki igiya. A daidai nan Rabab ta jefo ledar. Ta zo tana juyawa a iska, na tare ta a ƙirji.

Ban buɗe ba. Na tsaya riƙe da ita har Amarya ta shige, ƙofar ta rufu a bayanta, muna hango benen sama yana ɗagawa a hankali yayin da ruwa ke cika. Ɗan farin ɗigon nan yana wurin har gini ya tare shi.

Morkos ya ce, "Buɗe mana, ko sai na mutu?"

Ba kuɗi ba ne. 'Yar riga ce mai gajeren hannu, rawaya, da hoton kifi a gaba, wadda ta cire masa yanzun nan. Ruwan mangwaro ya ɓata ƙirjin, bai ma bushe ba. Na sa hannu a ciki, da sauran ɗumin jikinsa. Na zauna a kan kayan tallata na kifa fuska a cikinta, ni da furfurata, a gaban duk masu kwale-kwalen Isna. Morkos ya juya kwale-kwalen muka ba jama'a baya, ya tuƙa mu gida yana ta zagin filafilinsa.

Fatahiyya tana bakin ƙofa tun kafin in iso. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.

"Wanne ne ya sauko?"

Na miƙa mata. Ta warware, ta auna faɗin kafaɗar da tafin hannunta, ta ce a hankali, "Ashe ɗinkina ya yi masa yawa." Sannan ta kai hanci, ta rufe ido, ta daɗe a haka.

Na ce, "Kunnuwana ne."

Ba ta ji ni ba. Matar da ko ɗigon shayi ba ta bari ya kwana a riga, ta bi tabon mangwaron nan da yatsa, ta ninke rigar, ta mayar cikin ledar ta ƙulle bakin tam don kada ƙanshin ya fita.

Ta ce, "Duk wanda ya sa min wannan a wanki, ni da shi ne."