Harafin da Ba Ya Cikin Littafi

A gasar sarrafa haruffa ta malaman Hausa da aka yi a Gusau ranar Asabar, gurbi ɗaya ya rage na zagayen ƙarshe. Masu neman sa biyu ne: Malam Dalhatu daga Bungudu da Malama Luba daga Tsafe.

Ƙa'idar ita ce a karanto jimla daga wani tsohon wasan kwaikwayo, kowa ya jujjuya haruffanta ya fitar da sabuwa, ba ƙari ba ragi.

Mai gabatarwa ya karanta da bakinsa na Zamfara: "Sai na tahi."

Dalhatu ya san jimlar, domin ya taɓa fitowa a wasan yana ɗalibi, kuma haka suke faɗa. Ya rubuta "Ai na tashi", ya ƙirga haruffa tara, ya miƙa. Luba ta rubuta "Sai na fita".

Alƙaliyar gasar, Hajiya Asabe, ta buɗe littafin.

"Malam, ina ka samo 'h'? Nan 'tafi' aka buga."

"Hajiya, 'tahi' ya ce. Kowa ya ji."

"Ni ma na ji. Amma littafi muke bi."

"To ita Luba kalma ɗaya kawai ta juya."

"Ta juya daidai," in ji Hajiya.

Dalhatu ya nemi a sake karantawa. Mai gabatarwa ya gyara murya, ya dubi shafin da kyau, ya sake cewa "tahi". Zauren ya fashe da dariya, Hajiya kuma ta rubuta sunan Luba.