Rubu'in Awar Malam

Tun da Malam ya ajiye aikin koyar da lissafi ya rasa wanda zai ba sifili, sai ya koma kan mitar wutar gidansa. Kullum da safe yana tsaye a gabanta, tabarau a ƙarshen hanci, yana kwafar lamba kamar mai duba jarrabawa.

Bincikensa ya kai shi ga mai laifi: firizar da matarsa ke yin ƙanƙarar sayarwa.

"Maman yara, zo ki ga. Wat ɗari biyu aka rubuta a bayanta. Sau awa ashirin da huɗu, a raba da dubu, yunit biyar ba kaɗan kullum. Wannan ba firiza ba ce, kura ce."

"Hitar wankanka fa? Azumi take yi?"

"Wat dubu biyu, amma rubu'in awa kawai. Rabin yunit. Lissafi ba ya ƙarya."

"Mai lissafin fa?"

Don ya nuna shi mai adalci ne, ya kawo sharaɗi: a kashe komai, a ba kowacce rana guda, wadda mita ta fi kamawa ta bar gidan. Matar ta dubi firizarta, wadda ta shekara tara tana ciyar da su ba ta taɓa neman yabo ba, ta ce ta yarda.

Ran Asabar firiza ta shiga fili ita kaɗai. Malam ya yi wanka da ruwan sanyi yana haƙuri, don gobe tasa ce. Da gari ya waye ya je gaban mita, ya cire lambar jiya daga ta yau. Biyu. Ya goge tabarau, ya sake cirewa. Biyun dai.

"Mitar nan ta lalace."

"Lafiyarta ƙalau," in ji matar daga kicin. "Ba ka taɓa jin firizar ta yi gurnani ta yi shiru ba? Idan ta yi sanyi kwanciya take yi. Kai ne ka rubuta mata aikin awa ashirin da huɗu, ita ba ta sa hannu ba."

Shekara talatin yana koyarwa, ba wanda ya gaya masa firiza na barci. Amma bai karaya ba, biyu ai ta ninka rabi sau huɗu. Aka zare firiza daga soket, ya tsoma hita a bokiti, ya kunna, ya zauna a kujerar falo don ya gano inda yunit ukun da suka ɓace daga hasashensa suka shige. Ya cika shafi ɗaya, ya juya. A shafi na uku ya kama wani kuskure da ba kuskure ba ne, ya bi shi har gida.

Tururi ne ya fara leƙowa daga banɗaki, ya rufe masa tabarau.

Ya iske ruwan ya ƙone saura rabi, bakin bokitin ya lanƙwashe. A waje ƙaramar fitilar mita na ƙyaftawa kamar mai tsegumi, matar na tsaye a gefe da bironsa a hannu.

"Uku," ta ce. "Na cire maka, kada ka wahala. Awa ɗaya da rabi ke nan."

"Yau daban ce. Hankalina ne ya tafi."

"Jiya ce daban, Malam. Kullum haka kake da jarida. Rubu'in awarka tun labaran duniya yake farawa, sai ka kai shafin wasanni yake cika."

Ya buɗe baki zai ce gwaji ɗaya ba ya zama hujja, sai ya tuna wanda ya kafa sharaɗin. Ta mayar da firizarta soket, ta yi gurnaninta, ta kuma miƙo masa hitar a naɗe cikin jaridar safiyar.

"Ruwan da ya rage yana da zafi," ta ce. "Ka yi wanka a hankali, na bankwana ne."