Gunki da Fitilar Ɗakin Na'urori

A ofishinmu Gunki suke ce mini, kuma ban taɓa yin fushi ba, don ba ƙarya suka yi ba. Da zarar kunya ta kama ni sai in sandare ƙam, ko ƙifta ido ba na iyawa. Wannan hali bai taɓa cutar da kowa ba, sai da gwamnati ta fito da dokar tsimin lantarki.

Dokar ta ce kowace ma'aikata ta sa fitilu masu gane motsi: in akwai mai motsi a ɗaki su kama, in babu su mutu. Oga ya rungumi abin hannu bibbiyu. Har allo ya sa aka kafa a bakin ƙofa, ɗakin da ya yi tsimi ya fito kore, wanda ya yi ɓarna ya fito ja, kowa ya gani.

Injiniya ce ta haɗa mana su. Ya Allah, Injiniya! Yadda take soke sukudireba a bayan kunne kaɗai ya isa ya hana mutum cin abinci. Na karanta littattafan soyayya har ta kai ba ni da wurin ajiye takalmi a ɗakina, amma babu marubucin da ya gargaɗe ni cewa zuciya tana iya faɗawa hannun mace alhali tana kan tsani tana zagin waya.

Sai fitilun suka zo da ciwo. Idonsu wata ƙasa ce ta ƙera, ƙwaƙwalwarsu kuma wata ƙasar daban, ga shi ƙasashen biyu sun ɓata a kan ma'adinin da ake yin batir. Mai ƙwaƙwalwa ta yi fushi ta daina aiko da gyara. Fitilunmu suka zama marasa haƙuri, kafin ka gama sa hannu a takarda sun mutu. Akanta ya koyi lissafi yana kaɗa ƙafa. Mai buga takardu tana aiki tana rausaya kamar tana lallashin jariri. Ni kuwa, Gunki, rabin rayuwata a duhu take, sai in riƙa ɗaga hannuwa sama ina kaɗawa kamar mai korar kaji.

Ranar da na ji an ce gobe Injiniya za ta koma sabon reshe don kafa faifan sola, kuma ba lallai ta dawo ba, na kira yayata a waya ina shaƙar hanci.

"Yaya, za ta tafi."

"To ka faɗa mata mana, ɗan ƙanina. Bakinka aka ɗinke?"

"In na gan ta sandarewa nake yi."

"Ka sandare bakin yana aiki. Na gaji da jin labarin sukudireba."

Bayan cin abincin rana na same ta a ɗakin na'urori, wani ɗan kurkuku marar taga, cike da kwalaye da igiyoyin waya. Tana durƙushe tana naɗe kayanta.

"Malam Gunki, sallama ka zo yi?"

"Ranki ya daɗe, dama… wato… akwai wata magana…"

Ta ɗago ta zuba mini ido. Shi ke nan, na sandare. Ita ma ta tsaya tana jira. Fitila ta mutu.

Na kaɗa hannuwa, haske ya dawo, na gan ta tana danne dariya.

"Ina jin ka."

"Tun ranar da kika hau tsani…"

Idon nan ya sake sauka a kaina. Duhu.

A raina na la'anci shugabannin ƙasashen nan biyu. Mutanen da ba su san sunana ba, ba su taɓa ganin fuskata ba, amma sun bar taronsu na manya sun shigo tsakanina da masoyiyata! Har na ɗaga gwiwar hannu zan sake kaɗawa, sai na lura da wani abu. A duhun nan ba na ganin idonta. Harshena ya warware kamar an kwance masa ƙulli.

"Don Allah kada ki motsa," na ce. "In fitilar nan ta kama, na mutu."

Na faɗa mata komai. Na ce ina son ta tun kafin ƙasashen su ɓata. Na ce ni na zare filogin firinta sau da yawa don a kira ta. Na ce in za ta yarda, zan riƙe mata tsani har tsufa, kuma ta san ba a taɓa yin mai riƙon tsani kamar mutumin da ba ya motsi ba. Har hawaye na yi, ban share ba, don kada fitila ta gani.

Kwatsam haske ya kama.

Na dube ta. Ba ita ta motsa ba, tana nan yadda na bar ta, baki buɗe, ta zama gunki ta biyu. Daga bayan kwalaye ne wani hannu ya ɗago, sai kai, sai Oga gaba ɗayansa, da sawun kwali a kumatu. Ashe tun da aka sa fitilun nan ya gano cewa babu wurin barcin rana a duk ginin kamar ɗakin da ke kashe wa mutum wuta da kansa.

"Kai ne mai cire filogin firinta?" ya ce.

Na sake sandarewa ƙam.

"Za mu zo kan wannan. Ke kuma 'yata, yaron nan ya cika mini kunne, ki ba shi amsa in samu in huta."

Injiniya ta sunkuyar da kai. Ita da take yi wa janareto tsawa, yau ta rasa murya.

Oga ya yi tsaki. "To ku ji. Ni zan kwanta, ba zan motsa ba. Wannan dama ba ya motsi. In a'a ne, ki zauna yadda kike, ya lallaɓa ya fita a duhu, ba wanda ya ga kunyar wani. In e ne, kin fi kowa sanin yadda ake kunna ta."

Ya koma bayan kwalayensa. Fitila ta mutu.

Ban taɓa sanin duhu yana da nauyi ba sai ranar. Ina jin kukan na'urori, ina jin numfashin Oga, zuciyata kuma tana dukan ƙirjina da ƙarfin da na ji tsoron kada ita ta kunna fitilar a ce na yi maguɗi. Na fara lissafin inda ƙofa take.

Sai ɗaki ya haske fes.

Ga Injiniya tsaye, hannuwa biyu a sama, tana kaɗawa kamar mai korar kaji, sukudireba ya faɗo daga kunnenta. Ba ta daina ba. Ni ma na ɗaga nawa, muka yi ta kaɗawa muna dariya.

"Ya isa haka!" Oga ya yi ihu daga bayan kwalaye. "Za ku sa ɗakin nan ya fito ja a allo!"

Ja ɗin kuwa ya fito.