Tafin Hannu Guda a Wasiƙar Bachir

Idrisu yana zaune a ƙofar gidansa a unguwar Utaiqa ta birnin Riyadh, yana cin dabino, Sahadatou ta tsallako titi da ambulan a hannu. 'Yar Bachir ce, maƙwabcin da Idrisu ya yi shekara biyu bai yi wa magana ba.

"Baba Idi, ina wuni? Baba ya ce a ba ka hannu da hannu."

"Ajiye nan."

"Likita ya sallame shi. Ya ce a mai da shi gida, babu sauran abin yi."

Idrisu bai ɗaga kai ba. Sai da ta juya ya ɗauki ambulan.

Bachir mutumin Damagaram ne. Yana saurayi, Nijar tana sabuwar jamhuriya, ya yi aikin tafireta a ofishin wani minista a Yamai. Shi ke buga wasiƙun da minista ke aika wa shugaban banki. A can ya koyi ƙa'idar da ya taho da ita Riyadh: tsakanin sunan mutum da farkon magana ana barin farin fili, kuma faɗin filin shi ne girman mutumin. Akawu yatsa ɗaya. Minista uku. Shugaban banki huɗu, don a cewar Bachir ko minista sai ya gyara zama kafin ya rubuta masa.

Kowa a ƙungiyar Hausawan unguwa ya san wannan. Idrisu ne shugaba, Bachir sakatare. Wata rana a taro Idrisu ya ce abin ɓarnar takarda ne. Washegari Bachir ya aiko masa da wasiƙar ajiye aiki, cike da ladabi. Idrisu tsohon direba ne, bokonsa bai wuce aji biyu ba, amma ya iya awo. Ya ɗora yatsa. Ɗaya. Tun ranar ya rufe baki.

Yanzu ya buɗe ambulan. Sunansa a sama, rubutun yana rawa. Ya ɗora yatsa biyu, uku, huɗu. Ya ɗora tafinsa duka, fili bai ƙare ba. Can ƙasa layi biyu rak. Bai tsaya harhaɗa su ba. Ya zuba sauran dabinon a aljihu, ya ɗauki wasiƙar, ya sa takalmi.

Ya tarar da Bachir a katifa, an jingina shi da matasai, fanka tana juyawa a hankali.

"Salamu alaikum. Badamagare, ashe kana nan?"

"Ina jiran Bakano ya gama awo."

"Na auna. Ka sa na wuce shugaban banki."

"Shi shekara shida ina ba shi huɗu, ko shayi bai taɓa aiko mini ba."

"Har yanzu ɓarnar takarda ce."

"Ita ta kawo ka."

Bachir ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Idrisu ya tallafe masa kai, ya ba shi ruwa.

"Ka karanta na ƙasan?"

"Idona ya yi rauni."

"Ƙarya kake, ba ka iya ba ne. Sahadatou, karanta masa."

Ta karanta: "Ranka ya daɗe, mai yi maka biyayya yana neman alfarmar ka yafe masa yatsa ɗayan nan. In da hali, ka taho da dabino."

Idrisu ya sa hannu a aljihu, ya zube dabinon a kan bargo.

"Na yafe. Ni ma ka yafe mini."

"An karɓa da godiya," in ji Bachir, kamar yana rufe wasiƙa.

Kwana huɗu Idrisu yana zuwa kowace safiya. Yana cire ƙwallon dabino, yana jiƙa shi, Bachir yana tsotsa suna gardama a kan garin da ya fi iya kilishi. Ranar Alhamis bayan azahar Bachir ya cika, hannunsa cikin na Idrisu. Idrisu ne ya yi masa wanka.

Da aka dawo daga maƙabarta, masu ta'aziyya suka watse, ya ce Sahadatou ta kawo masa takarda da biro. Ya zauna a kan tabarma. Ya daɗe yana jan haruffa shida a saman takardar, a karkace: Bachir.

"Baba Idi, me za a rubuta a ƙasa? Faɗa mini in rubuta."

"Bar shi haka."

Iskar fanka tana ɗaga gefen takardar. Ya ɗora dabino ɗaya a kai.